Kura da Shan Bugu: Albert Schatz da Maganin Farko na Tarin Fuka

*Tarihin yadda sunan ɗalibi ya ɓace daga aikinsa, da abin da masu binciken cututtukan huhu suka koya daga hakan*

A watan Afrilun 1994, Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey ta Amurka ta gayyaci wani dattijo mai shekara 74, ta ba shi lambar yabo mafi daraja da take bayarwa. Sunansa Albert Schatz. Aikin da aka karrama shi dominsa ya yi shi ne tun a 1943, yana ɗalibi mai shekara 23, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wannan jami'a. A can ne ya tsamo daga turɓayar gona wata ƙwayar halitta mai fitar da sinadarin sitireftomaisin, maganin farko da ya iya karya lagon tarin fuka a jikin ɗan Adam. Tsakanin aikin da lambar, shekara 50 ta shuɗe. A cikin waɗannan shekaru an shiga kotu, an ba malaminsa kyautar Nobel shi kaɗai, malamin ya rasu, shi kuma ɗalibin ya gama rayuwarsa ta aiki nesa da fagen da tauraruwarsa ta fara haskawa a cikinsa.

A yau manyan ƙungiyoyin likitoci da masu binciken cututtukan huhu suna keɓe lambobin yabo domin matasan da ba su daɗe da shiga fagen ba. Wanda ya hango irin waɗannan bukukuwa daga nesa zai iya ɗauka cewa tafi ne da ɗaukar hoto kawai. Tarihin sitireftomaisin yana nuna nauyin abin. Sunan da aka rubuta a kan aiki tun farkon tafiya shi ne jarin mai bincike, domin da shi yake samun gurbin aiki, da kuɗin bincike, da ɗaliban da zai horar. Idan aka hana shi a kan kari, yabon da zai zo daga baya ba ya mayar masa da shekarun da suka wuce, ba ya kuma mayar wa marasa lafiya abin da wataƙila da ya gano a cikinsu.

Cutar da ta gagari likitoci

Ranar 24 ga Maris, 1882, likitan Jamus Robert Koch ya tsaya gaban takwarorinsa a birnin Balin, ya bayyana cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, wato tibi. A wancan zamani cutar ita ce ajalin mutum 1 cikin kowane 7 a Turai. An yi murna, an zaci magani ya kusa. Amma sanin maƙiyi daban, samun makamin yaƙarsa daban. Shekara 60 bayan jawabin Koch, abin da likita zai iya yi wa mai tarin fuka bai wuce ya tura shi gidan jinya a kan tsauni ba, inda zai kwanta watanni ko shekaru yana shaƙar iska mai kyau, yana cin abinci mai gina jiki. Idan ciwo ya tsananta, akan hura iska a cikin ƙirji domin huhun da ya kamu ya lotsa ya huta, ko kuma a cire wasu haƙarƙari. Rigakafin BCG, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1921, yana kare yara daga munanan nau'o'in cutar, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Da fenisilin ya bayyana a farkon shekarun 1940, ya ceto ɗimbin masu ciwon namoniya da masu raunukan yaƙi, sai dai bai taɓa tibi ba ko kaɗan. Ƙwayar tibi tana sanye da wata riga mai kauri mai kamar kakin zuma, wadda magunguna da yawa ba sa iya ratsawa. Ga ta kuma da nawa wajen yaɗuwa: ƙwayar cutar hanji takan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta ɗauki sa'a 15 zuwa 20. Duk mai son gwada magani a kanta sai ya yi jiran makonni, yana kuma zaune da abin da zai iya kashe shi.

Malamin da ya san ƙasa

Maganin bai fito daga asibiti ba. Daga kwalejin aikin gona ya fito. An haifi Selman Waksman a 1888 a wani ƙaramin gari na Yukiren, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Ya yi hijira zuwa Amurka a 1910, ya karanci aikin gona a Rutgers, daga bisani ya zama farfesa a nan, ya kuma sadaukar da rayuwarsa ga nazarin ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalinsa su ne wani rukunin bakteriya masu tsiro kamar zare, da ake kira aktinomaisit. Duk wanda ya taɓa jin ƙamshin da ƙasa ke yi a ruwan farko na damina ya san su ko da bai san sunansu ba, domin sinadarin da suke fitarwa ne ke ba da wannan ƙamshi.

A cikin cokali guda na ƙasar gona akwai miliyoyin irin waɗannan halittu, suna gasar abinci da wurin zama, wasunsu kuma suna fitar da guba domin hallaka maƙwabtansu. A 1939 wani tsohon ɗalibin Waksman, Bafaranshe mai suna René Dubos, ya nuna a Cibiyar Rockefeller ta New York cewa ana iya samo maganin kashe ƙwayar cuta daga bakteriyar ƙasa. Wannan ya sa Waksman ya karkatar da ɗakin bincikensa kacokan zuwa farautar irin waɗannan sinadarai, tare da tallafin kamfanin magunguna na Merck. Hanyar da ya shimfiɗa mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar bi: a jiƙa ƙasa, a shafa ruwanta a kan 'yan tasoshin gilashi masu ɗauke da abincin ƙwayoyi, a jira su tsiro, a nemi wadda ta share da'ira a kewayenta babu abin da ya tsiro kusa da ita, a ware ta, a gwada ta a kan ƙwayoyin cuta ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar ta yi aiki. Tare da ɗalibinsa Boyd Woodruff, Waksman ya samo aktinomaisin a 1940, da sitireftotirisin a 1942. Dukansu biyu suna kashe ƙwayoyin cuta, amma gubarsu ta fi ƙarfin dabbobin da aka gwada su a kansu. Ƙofa ta buɗe, saura wanda zai shiga ya fito da abin da jikin mutum zai iya ɗauka.

Wata uku da rabi a ƙarƙashin ƙasa

An haifi Albert Schatz a 1920 a jihar Connecticut, a gidan talakawa. Ya gama digirinsa na farko a kimiyyar ƙasar noma a Rutgers a 1942, ya fara karatun digiri na uku a hannun Waksman, sai aka ɗauke shi soja. An tura shi wani asibitin soja a Miami ya yi aikin gwajin ƙwayoyin cuta, inda ya ga samari sa'o'insa suna mutuwa da cututtukan da fenisilin ba ya yi wa komai. A tsakiyar 1943 aka sallame shi saboda ciwon baya, ya dawo Rutgers a kan alawus na dala 40 a wata. Kwana kuwa a wani ɗan ɗaki yake yi a gidan gilashi na rainon tsirrai, yana kula da wurin a madadin kuɗin haya.

Schatz ya nemi izinin neman maganin da zai yi aiki a kan waɗancan ƙwayoyi da suka gagari fenisilin, har da ƙwayar tibi. Waksman ya amince, amma da yake ɗakin binciken ba shi da kayan kariya daga cuta mai bin iska, sai aka mayar da aikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ofishin farfesa kuwa yana hawa na uku. Schatz ya sha faɗa har ƙarshen rayuwarsa cewa malamin nasa bai taɓa sauka wannan ɗaki ba a tsawon aikin.

Ranar 23 ga Agusta, 1943, ya buɗe sabon shafi a kundin aikinsa, ya sa masa taken gwaji na 11. Daga wannan gwaji ne ya ware nau'i biyu na wata aktinomaisit mai launin toka-toka, wadda a yau ake kira *Streptomyces griseus*. Ɗaya ta fito ne daga ƙasar wata gona da ta sha taki. Ɗayar kuma daga wata tasa ce da abokiyar karatunsa Doris Jones ta miƙa masa, wadda ta shafa mata abin da ta kwaso daga maƙogwaron kaza. A cewarsa, da misalin ƙarfe 2 na rana, ranar 19 ga Oktoba, ya tabbatar cewa abin da ke hannunsa sabon magani ne. Ya narka bakin wata kwalbar gwaji a wuta ya rufe ta, ya kai wa mahaifiyarsa, wadda ko firamare ba ta gama ba.

Gano ƙwayar somin-taɓi ne. Sai an tara sinadarin da yawan da zai isa gwaji. Schatz ya ba da labarin yadda yake barin tukwanen tacewa a kan wuta dare da rana, yana kwana a kan benci, bayan ya ja layi a jikin tulun gilashi ya roƙi mai gadi ya tashe shi idan ruwan ya sauka zuwa layin.

A watan Janairun 1944 takardar farko ta fito a wata mujallar kimiyya, da sunaye uku a jere: Schatz, Elizabeth Bugie, sannan Waksman. A al'adar masana kimiyya, sunan farko na wanda ya fi kowa aikin ne, kuma a takardun da suka gabata na aktinomaisin da sitireftotirisin sunan Waksman ne a gaba. A cikin shekarar Schatz da Waksman suka fitar da wata takardar mai nuna tasirin maganin a kan ƙwayar tibi. A farkon 1945 su biyun suka nemi takardar mallakar ƙirƙira, suka yi rantsuwa cewa tare suka gano shi. Har zuwa nan, rubutacciyar shaida ba ta da wata ƙura.

Daga kwalba zuwa gadon asibiti

Abin da ya kashe ƙwaya a kwalba ba lallai ya warkar da mai rai ba. Waɗanda suka cike wannan giɓi su ne William Feldman, likitan dabbobi, da Corwin Hinshaw, likitan huhu, na Asibitin Mayo da ke jihar Minnesota. A watan Afrilun 1944 suka fara gwaji a kan 'yan ɓerayen Masar ƙalilan da ɗan abin da Rutgers ta aiko musu, kimanin giram 10. Sakamakon ya ba su mamaki. A watan Nuwamba suka fara yi wa wata budurwa mai shekara 21 allura, wadda tarin fuka ya kai ta gargara. Ta warke, ta bar gidan jinya, ta yi aure, ta haihu.

Hujja mafi ƙarfi ta zo daga Birtaniya. Majalisar Binciken Lafiya ta ƙasar ta shirya gwaji a kan majinyata 107, bisa tsarin masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill, wanda ya sa aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a a cikin rufaffun ambulan, don kada son ran likita ya shiga zaɓen. Mutum 55 aka yi wa allura tare da hutun gado, 52 kuma hutun kawai. A rahoton da ya fito a watan Oktoban 1948, cikin wata 6 mutum 4 suka mutu a rukunin farko, 14 a na biyu. Har yau ana koyar da wannan gwaji a matsayin mafarin tsarin da ake bi wajen tantance sabbin magunguna.

Gwajin ya kuma tona raunin maganin. A jikin mafi yawan waɗanda aka duba, ƙwayar ta koyi jure masa cikin 'yan watanni, ga shi kuma yana iya lalata ji da daidaiton tsayuwa. Sai da aka haɗa shi da maganin PAS, wanda Jörgen Lehmann ya samar a Suwidin, sannan da isoniyazid daga 1952, kafin tarin fuka ya zama cutar da ake warkewa daga gare ta da tabbaci, gidajen jinya na kan tsaunuka kuma suka fara rufewa.

Yadda suna ke ɓacewa

Babu wanda ya ɗauki alƙalami rana ɗaya ya soke sunan Schatz. Sannu a hankali abin ya zaizaye. 'Yan jarida idan sun zo, ofishin farfesa suke nufa. Gayyatar taro da lacca, farfesa ake aiko wa. Labarin da ya bazu a jaridu shi ne na wani manomi da ya kawo kaza marar lafiya, aka samo ƙwayar a maƙogwaronta, ta isa hannun Waksman. Labari ne mai daɗin ji, sai dai babu ɗalibi a cikinsa, babu kuma ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A watan Nuwamban 1949 mujallar Time ta sa hoton Waksman a bangonta.

Ga kuma batun kuɗi. A 1946, shekarar da Schatz ya bar Rutgers bayan ya karɓi digirinsa na uku, an nemi ya sa hannu ya miƙa haƙƙinsa na mallaka ga wata gidauniyar jami'ar. Ya sa hannu bisa fahimtar cewa daga shi har malaminsa babu wanda zai ci riba. Abin da bai sani ba shi ne, akwai wata yarjejeniya ta daban da ta ba Waksman kashi 20 cikin 100 na kuɗin da kamfanoni ke biya. Da ya fara zargi ya rubuta wasiƙa yana neman bayani a 1949, amsar da ya samu ita ce rawar da ya taka ƙarama ce, kuma shi ɗaya ne kawai daga cikin haƙoran wani babban inji.

Wadda ta fi shi asara ita ce Elizabeth Bugie, ɗalibar digiri na biyu da ta yi aikin gwada ƙarfin maganin a kan ƙwayoyin cuta iri-iri. Sunanta yana kan takardar farko, amma ba ya kan takardar mallaka. Bayan rasuwarta a 2001, 'ya'yanta sun ba da labarin cewa an gaya mata ba ta buƙatar sunanta ya hau, tunda wata rana aure za ta yi ta kama renon iyali.

Kotu, sannan Stockholm

A watan Maris na 1950 Schatz ya maka Waksman da gidauniyar jami'ar a kotun jihar New Jersey. Ɗalibi ya kai ƙarar malaminsa, abin da ba a saba gani ba a jami'o'in wancan zamani. A wajen tattara bayanai kafin zaman shari'a, ta fito fili cewa Waksman ya riga ya karɓi kimanin dala 350,000. Jami'ar ta gwammace sulhu. A watan Disamban 1950 aka amince a rubuce cewa Schatz abokin tarayya ne wajen gano sitireftomaisin, a idon doka da na kimiyya. Aka ba shi kashi 3 cikin 100 na kuɗin, da fiye da dala 100,000 a kan haƙƙin ƙasashen waje. Kason Waksman ya sauka zuwa kashi 10, aka raba kashi 7 ga sauran ma'aikatan ɗakin binciken, inda Bugie ta tashi da kashi 0.2.

Schatz ya yi nasara a takarda, ya faɗi a kasuwar aiki. Manyan malamai sun ɗauki abin da ya yi a matsayin butulci. Ya ce ya nemi aiki a jami'o'i da cibiyoyi fiye da 50, babu wadda ta ɗauke shi, sai wata ƙaramar kwalejin aikin gona a jihar Pennsylvania. Yana can ne a watan Oktoban 1952 labari ya zo daga Stockholm cewa an ba Waksman kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano sitireftomaisin. Hukumar kwalejin ta rubuta wa kwamitin Nobel tana tuna masa da hukuncin sulhun, amma kwamitin ba ya sauya abin da ya yanke.

Ba rashin wuri ne ya hana ba, domin a 1945 an raba wannan kyauta tsakanin mutum 3 saboda fenisilin. Haka kuma malamin yana da abin koyi da ya so. A 1923, da aka ba Frederick Banting kyautar saboda gano insulin aka tsallake ɗalibin da suka yi aikin tare, Charles Best, sai Banting ya fito fili ya yaba wa Best, ya kuma raba kuɗinsa biyu ya ba shi rabi. Waksman bai bi wannan sawu ba.

Sauran rayuwar Schatz ta aiki ta tafi ne a koyarwa: Jami'ar Chile daga 1962 zuwa 1965, sai St. Louis, sai Jami'ar Temple ta Philadelphia, inda ya koyar da dabarun koyar da kimiyya. Ya yi rubuce-rubuce a kan ruɓewar haƙori, ya kuma yi adawa da zuba sinadarin fulorayid a ruwan sha, ra'ayin da yawancin masana ba su karɓa ba. Bai sake jagorantar babban ɗakin binciken magunguna ba.

A auna da sikeli

Hausawa suna cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma karin maganar ta dace da wani ɓangare na wannan labari. Amma adalci ya buƙaci a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Waksman ne ya shafe shekara kusan 30 yana nazarin aktinomaisit lokacin da ba wanda ya damu da su. Shi ya tsara hanyar farautar, shi ya samo kuɗin, shi ya haɗa ɗakin binciken da Merck da Asibitin Mayo. Shi ne kuma ya shawo kan Merck ya saki haƙƙinsa na keɓe, domin kamfanoni da yawa su iya yin maganin. Ɗakin bincikensa ya ci gaba da samo magunguna bayan tafiyar Schatz, ciki har da niyomaisin a 1949, kuma da kuɗin sitireftomaisin aka gina cibiyar nazarin ƙananan halittu da Rutgers ta buɗe a 1954. Masu kare shi suna cewa da Schatz bai samo ƙwayar ba, da wani ɗalibin ya samo ta ta wannan hanya.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma iyakacin abin da take tabbatarwa shi ne malamin ya cancanci yabo. Ba ta tabbatar da cewa shi kaɗai ya cancanta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar sitireftomaisin hannaye da yawa suka ɗaga ta, har da na Feldman da Hinshaw, waɗanda su ma kwamitin Nobel ya tsallake. Bambancin shi ne su sun riga sun kafu, rashin kyautar bai raba su da aikinsu ba. Ɗalibi mai shekara 23 ba shi da wani abin dogaro sai wannan aiki guda. Rashin adalci iri ɗaya ne, amma nauyinsa ya fi danne wanda yake ƙasa.

A 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta duniyar kimiyya: idan sananne da wanda ba a sani ba suka yi aiki tare, yabo yakan gangara wajen sanannen, ko da ba wanda ya yi nufin zalunci. Abin ban mamaki, Merton ya gina takardar tasa ne a kan hirarrakin da wata matashiyar mai bincike, Harriet Zuckerman, ta yi da waɗanda suka ci kyautar Nobel, daga baya kuma shi da kansa ya amsa cewa ya kamata a ce sunanta ya hau takardar tare da nasa. Wanda ya gano ramin ma bai tsira daga faɗawa cikinsa ba.

Abin da ya canja, da abin da ya rage

Ba za a ce shari'ar Schatz ce kaɗai ta kawo gyara ba, amma gyare-gyaren da suka biyo baya sun taɓa daidai wuraren da aka cuce shi. A 1978 editocin wasu mujallun likitanci suka haɗu a Vancouver ta Kanada, kwamitin da ya tsiro daga taron kuma ya shimfiɗa ƙa'idojin wanda ya cancanci sunansa ya hau takarda. Mujallu da yawa a yau suna neman a fayyace abin da kowane marubuci ya yi: wa ya kawo tunanin, wa ya yi gwajin, wa ya yi lissafin. Jami'o'i kuma suna da rubutattun dokoki kan rabon kuɗin ƙirƙira.

Sai kuma lambobin yabo na matasa. Ƙungiyar Yaƙi da Tarin Fuka da Cututtukan Huhu ta Duniya, wadda aka kafa a Paris a 1920, tana da kyauta ta musamman ga wanda ya wallafa aikinsa yana da shekara 35 ko ƙasa da haka. Akwai kuma kyautar tunawa da Stephen Lawn, likitan Birtaniya da ya yi shekaru yana binciken tibi da ƙanjamau a Afirka ta Kudu kafin rasuwarsa a 2016, wadda aka keɓe wa masu bincike 'yan ƙasa da shekara 40 a Afirka kudu da Sahara. Amfanin sa iyakar shekaru shi ne yana tilasta wa alƙalai su tsallake sunan farfesa su tambayi wane ne ya yi aikin.

Buƙatar kuwa ba ta ragu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a 2023, miliyan 1.25 suka mutu, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ɗauke da shi. Maganin Schatz ba baƙo ba ne a asibitocin wannan yanki: shekaru da yawa, wanda ciwon ya dawo masa bayan jinyar farko yakan sha allurar sitireftomaisin kullum har wata 2, kafin hukumar ta ba da shawarar barin wannan tsari a 2017. Bayan rifamfisin na shekarun 1960, sai da aka jira kusan shekara 40 kafin a amince da sabon rukunin maganin tibi, wato bedakwilin, a 2012. Rigakafin da ake yi wa jarirai har yanzu shi ne na 1921. Fagen da ci gabansa ke tafiyar hawainiya irin wannan ba shi da rarar matasan da zai zubar.

Tambayar da labarin ya bari tana nan a raye a duk inda ake tattara majina da jini a wata ƙasa, a kai su wata ƙasar a auna, a wallafa sakamakon da sunayen manya. Matashin da ya bi gida-gida, ko ya kwana gaban na'ura, a wane layi sunansa ya faɗo, in ma ya fito?

Waksman ya rasu a 1973. A ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙananan halittu na Jami'ar Sheffield ta Ingila, Milton Wainwright, ya bi takardun Rutgers, ya nemo Schatz ya ji ta bakinsa, rubuce-rubucensa kuma suka taimaka wajen share fagen lambar 1994. Schatz ya karɓe ta da farin ciki, ko da yake ta fuskar aiki ihu ne bayan hari, tunda ya daɗe da yin ritaya. Ya rasu a Philadelphia a watan Janairun 2005. Shekara 5 bayan nan, a 2010, ma'aikatan ma'adanar tarihi ta Rutgers suka buɗe wani ɗan kwali a cikin takardun Waksman, suka tarar da kundayen aikin Schatz na 1943. Shafin ranar 23 ga Agusta yana nan yadda ya bar shi, da taken gwaji na 11, da rubutun hannunsa.